Kwasa-kwasan Intanet da Buɗaɗɗen Ilimi: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗalibai da Ma'aikatan Bauchi da Gombe

Tun daga yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, da wanda ya biyo baya a 2022 wanda ya ɗauki wata takwas cur, ɗalibai da yawa a Bauchi da Gombe suka fara jin labarin cewa akwai manyan jami'o'in duniya da ke koyarwa ta intanet ba tare da karɓar kuɗin makaranta ba. Wasu sun gwada sun ci riba, wasu sun yi rajista sun watsar, wasu kuma har yau suna ɗaukar zancen a matsayin romon baka. Tambayoyin da ke biye su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati.

Mene ne ainihin waɗannan kwasa-kwasai da ake kira MOOC?

Darussa ne da jami'a ko wata cibiya take tsarawa daga farko zuwa ƙarshe, da laccoci da jinga da jarrabawa, sannan ta ɗora su a intanet domin duk mai so ya shiga. Ba a tambayar mutum sakamakon JAMB ko WAEC, ba a tambayar shekarunsa ko ƙasarsa, kuma ba a ƙayyade yawan ɗalibai ba, ta yadda kwas guda yana iya ɗaukar mutum dubu ɗari a lokaci ɗaya. Abin da ya raba su da bidiyon karatu da ke warwatse a YouTube shi ne tsari: akwai manhajar karatu, akwai mako na ɗaya da na biyu, akwai kuma hanyar gwada ko ɗalibi ya fahimta.

Daga ina abin ya samo asali?

Sunan ya fito ne a 2008 a Kanada, lokacin da George Siemens da Stephen Downes suka koyar da wani kwas a Jami'ar Manitoba ga ɗalibai 25 masu biyan kuɗi, suka kuma buɗe shi ga jama'a, sai mutum fiye da 2,000 suka shiga ta intanet. Amma abin bai ja hankalin duniya ba sai a 2011, da Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira a Jami'ar Stanford ta Amurka, mutum kimanin 160,000 suka yi rajista.

Shekarar da ta biyo baya ce ta haifi manyan dandamalin da aka sani yau. Andrew Ng da Daphne Koller, su ma malaman Stanford, suka kafa Coursera; Thrun ya ƙaddamar da Udacity; jami'o'in MIT da Harvard suka zuba dala miliyan 60 suka kafa edX; Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya kuma ta sanar da FutureLearn. Sauran ƙasashe ba su tsaya kallo ba, domin Jami'ar Tsinghua ta Sin ta buɗe XuetangX a 2013, Faransa ta buɗe FUN a wannan shekarar, Indiya kuma ta ƙaddamar da SWAYAM a 2017. A wancan lokaci an yi ta cika baki cewa jami'o'in gini sun kusa zama tarihi. Ga shi shekaru fiye da goma sun wuce, harabobin jami'o'inmu na Yelwa da Gubi da Kashere ba su daina cika ba.

Da gaske kyauta ne, ko akwai wani abu a ƙasa?

Amsar tana da rassa biyu. Karatun, wato kallon laccoci da karanta bayanai, a kwasa-kwasai da yawa kyauta ne. Takardar shaida kuwa, da wasu jinga da ake ba maki, galibi sai an biya. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma tarihin dandamalin ya tabbatar da haka: kamfanin 2U ya sayi edX a 2021 a kan dala miliyan 800, Coursera ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a wannan shekarar, Accenture kuma ya sayi Udacity a 2024. Kamfanin da ke da masu hannun jari dole ya nemi riba, shi ya sa abin da ake bayarwa kyauta yake ta raguwa a kan abin da aka fara da shi a 2012.

Farashin da Ba'amurke zai ɗauka ba komai ba, a nan nauyi ne. Satifiket na dala 49, a canjin ƙarshen 2024, ya kai ko ya ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar. Saboda haka yana da kyau a san cewa Coursera da edX suna da hanyar neman tallafin kuɗi, inda mutum zai cika fom ya bayyana halin da yake ciki da dalilin da ya sa yake son kwas ɗin. Wanda zai nema ya rubuta da kansa, ya faɗi gaskiya, kada ya kwafo bayanin da ke yawo a zaurukan WhatsApp. Akwai kuma wuraren da ba na kasuwanci ba, irin su Khan Academy da MIT OpenCourseWare, waɗanda ba sa karɓar ko sisi a kan darussansu.

Yaya karatun yake gudana, kuma wa ke duba aikin ɗalibi?

A ɗauki mako guda a matsayin misali. Ɗalibi zai buɗe manhaja ya tarar da gajerun bidiyo kamar shida ko takwas, kowanne bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Yana cikin kallo sai bidiyon ya tsaya, tambaya ta bayyana a fuskar wayar, sai ya amsa sannan malamin ya ci gaba. A ƙarshen mako akwai gwaji, wanda kwamfuta ke dubawa nan take ta nuna masa inda ya kuskure, kuma yawanci ana ba shi damar sakewa. Idan kwas ɗin na rubuta manhajar kwamfuta ne, na'ura ce za ta gwada abin da ya rubuta ta ga ko yana aiki.

Inda aikin ya zama na rubutun zube, ana raba shi ga wasu ɗalibai biyu ko uku su duba bisa ƙa'idojin da aka ba su, shi ma ya duba na wasu. Ta haka rubutun malamin firamare daga Dass zai iya faɗawa hannun wani a Burazil ko Indiya. Wannan tsari yana da rauni a fili, domin wani mai dubawar yana karantawa da natsuwa ya rubuta gyara mai amfani, wani kuma ya danna cikakken maki ba tare da ya karanta layi ɗaya ba. Farfesan da fuskarsa ke cikin bidiyon kuwa, da wuya ya taɓa ganin sunan ɗalibin.

Me ya sa ake cewa yawancin masu shiga ba sa kammalawa?

Domin haka abin yake. Kwas na farko da MIT ta gabatar a 2012, kan ilimin lantarki a ƙarƙashin Anant Agarwal, ya samu masu rajista kimanin 155,000, amma waɗanda suka ci suka karɓi shaida ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. Binciken da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science a 2019, kan kwasa-kwasan MIT da Harvard, ya nuna cewa masu kammalawa a zangon 2017 zuwa 2018 sun tsaya a kusan kashi 3 cikin 100, kuma mafi yawan ɗaliban daga ƙasashe masu arziki suke. Tun a 2013 wani bincike na Jami'ar Pennsylvania ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ɗaliban da suka amsa tambayoyinsa sun riga sun mallaki shaidar karatun gaba da sakandare. A shekarar ce kuma Jami'ar Jihar San Jose ta gwada koyar da lissafi ta hanyar Udacity ga ɗalibai masu rauni, sakamakon bai yi kyau ba, aka dakatar da shirin.

Dole a yi wa alƙaluman adalci, domin rajista ba ta cin komai, kuma da yawa sun leƙa ne kawai, ko sun zo neman babi ɗaya sun samu sun tafi. Duk da haka darasin da ke ciki ba ya ɓuya: wanda ya riga ya iya karatu shi kaɗai shi ne ya fi cin moriyar abin, wanda kuma aka ce an buɗe ƙofar dominsa shi ne ya fi saurin faɗuwa.

Mutanenmu sun san buɗaɗɗen karatu tun kafin intanet. A karatun zaure ba a rajista, ba a yanke wa kowa kuɗi, tela da ɗan kasuwa da ma'aikaci kowa yana zuwa da littafinsa bayan asuba ko bayan magariba. Sai dai a can malam ya san fuskar kowa, yana jin inda harshen ɗalibi ya karkace ya gyara masa nan take, idan kuma ya yi kwana uku bai zo ba za a tambayi lafiyarsa. Kwas ɗin intanet ya kawo littafin da muryar malamin, amma bai kawo wannan sa idon ba, kuma a ganina nan ne mafi yawan mutane suke zamewa. Maganin da ya fi sauƙi shi ne mutum uku ko huɗu su ɗauki kwas guda tare, su sa ranar haɗuwa a kowane mako, kowa ya zo da abin da ya gagare shi.

Satifiket ɗin zai samar mini aiki, ko a yi mini ƙarin girma da shi?

Satifiket na kwas guda ba digiri ba ne, ba difloma ba ce, ba ya kai mutum bautar ƙasa, kuma ba ya maye gurbin takardar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da ita. Ma'aikacin da ke son amfani da shi wajen ƙarin girma ya fara tuntuɓar sashen mulki na ma'aikatarsa kafin ya kashe kuɗinsa. A fannonin da doka ta tsare, kamar aikin jinya da haɗa magunguna da injiniyanci, lasisin hukumar sana'ar ne abin dubawa, babu wani kwas na intanet da zai tsaya a madadinsa.

Inda yake da tasiri shi ne wajen kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji, waɗanda suke da yawa a Arewa maso Gabas, musamman a ayyukan tattara bayanai da nazarinsu da bibiyar ayyuka. Ko a can ɗin ma, za a zaunar da mutum gaban kwamfuta a ce ya nuna. Wanda ya iya tsara alƙaluman asibiti a Excel ya fitar da rahoto mai ma'ana ya fi wanda ya jera takardu goma sha biyar bai iya buɗe fayil ba.

Akwai cikakkun digirori da ake yi ta waɗannan hanyoyi, kamar digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta da jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta fara a 2014 a kan kimanin dala 7,000, amma waɗannan suna da sharuɗɗan shiga da kuɗin makaranta kamar kowace jami'a.

Mene ne bambancinsu da NOUN?

NOUN, wato Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya da ke koyarwa daga nesa, cikakkiyar jami'ar tarayya ce. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Obasanjo, kuma tana da cibiyoyin karatu a Bauchi da Gombe. Tana neman sakamakon sakandare, ana biyan kuɗi, ana zuwa cibiya a rubuta jarrabawa, a ƙarshe a karɓi digiri. Ta fito ne daga zuriyar da ta girmi intanet: Jami'ar Afirka ta Kudu, UNISA, ta fara koyarwa ta wasiƙa a 1946, kuma a nan Nelson Mandela ya kammala digirinsa na lauya yana tsare, Birtaniya ta kafa tata buɗaɗɗiyar jami'ar a 1969 tana koyarwa ta rediyo da talabijin, a gida kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, tana horar da malamai daga nesa tun bayan kafa ta a 1976. Mai neman takarda ya nufi irin waɗannan, ko cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello. Mai neman ƙwarewa a abu guda cikin 'yan makonni kuwa, kwas ɗin intanet ya ishe shi.

Ni malami ne. Zan iya ɗaukar waɗannan darussa in fassara ko in buga wa ɗalibaina?

Ya danganta da lasisin da ke kansu, kuma a nan ne buɗaɗɗen ilimi na haƙiƙa ya bambanta da abin da ake kallo kyauta kawai. Yawancin bidiyon Coursera da makamantanta mallakar jami'o'in ne, an yarda a kalla amma ba a yarda a kwafa a rarraba ba. Akwai kuma kayan karatu da aka saki da niyyar a ɗauka a yi amfani da su. MIT ta sanar a 2001 cewa za ta ɗora kayan darussanta a intanet ga kowa, a 2002 hukumar UNESCO ta yi taron da ya raɗa wa irin waɗannan kaya suna OER, wato buɗaɗɗun kayan ilimi, a watan Nuwamban 2019 kuma ƙasashe mambobinta suka amince da wata shawara ta bai ɗaya kan bunƙasa su.

Alamar da za a duba ita ce ta lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a 2002. Sharuɗɗansa huɗu ne da ake haɗawa ta hanyoyi daban-daban: a ambaci mai aikin, kada a yi kasuwanci da shi, kada a sauya shi, ko kuma wanda ya sauya ya saki nasa a ƙarƙashin irin lasisin. Idan babu sharaɗin hana sauyawa, malamin kimiyya a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare yana da damar ɗaukar babi daga littattafan OpenStax na Jami'ar Rice, ya mayar da shi Hausa, ya cire misalan Amurka ya sa na gero da gyaɗa da rijiyar burtsatse, ya raba wa ɗalibansa ba tare da neman izinin kowa ba. Wannan dama ita ce mafi girma a cikin lamarin gaba ɗaya, ita ce kuma aka fi sakaci da ita a wajenmu, inda har yanzu ɗalibai ke hoton tsofaffin takardun da rubutunsu ya dushe.

Turancina ba shi da ƙarfi. Akwai abin da zan samu?

Mafi yawan kwasa-kwasan da Turanci suke, kuma na Hausa kaɗan ne ƙwarai. Amma ana iya kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo, a rage saurin muryar malamin, a kuma maimaita sau nawa aka ga dama, abin da ba ya yiwuwa a zauren lacca mai ɗalibai ɗari biyar. Waɗanda suka yi karatun Islamiyya mai zurfi suna da wata ƙofar da sau da yawa ba su san da ita ba: dandalin Edraak, wanda Gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan ta buɗe a 2014, da Rwaq na Saudiyya, suna koyar da ilimin zamani da Larabci. Ga yaran firamare da sakandare kuma akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, mai ɗauke da darussa har da na Hausa.

Yaya za a yi da tsadar data da rashin wuta?

Wannan ne cikas na gaskiya, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a Janairun 2025. Dabarar da masu yi suke bi ita ce kada a kalli bidiyo kai tsaye. A sayi datar dare mai rahusa, a rage ingancin hoton zuwa mafi ƙanƙanta tun da allo da murya ake buƙata, a sauke laccocin mako guda a manhajar waya, da safe a kai wayar wurin mai caji, sannan a yi karatun ba tare da sabis ba. Kwasa-kwasai da yawa suna ba da rubutaccen bayanin laccar, wanda nauyinsa bai kai na hoto ɗaya ba. Makarantar da ke ƙauyen da babu sabis kuwa tana iya amfani da Kolibri ko Kiwix, manhajojin da ke ajiye darussa da Wikipedia a kwamfuta guda a yi ta karantawa ba intanet.

Waya ta isa ga darussan karatu da sauraro. Mai koyon rubuta manhaja ko nazarin alƙaluma kuwa sai ya samu kwamfuta, ko ta aro ce ko ta ɗakin karatun makarantarsu.

Matar aure mai yara za ta iya?

Za ta iya, kuma tsarin ya dace da ita fiye da kowa, tun da ba ya buƙatar fita ko zama a aji a wani ƙayyadadden lokaci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta mallaki wayarta, maigida da mutanen gida kuma su san cewa sa'ar da ta ware karatu take yi.

Ta yaya zan gane na damfara?

Duk wanda ya ce a turo kuɗi asusunsa na banki zai samar da satifiket na Harvard ba tare da karatu ba, ɗan damfara ne. Rajista a manyan dandamali mutum ke yi da kansa da adireshin imel ɗinsa, kuma satifiket na gaskiya yana ɗauke da adireshin intanet da mai ɗaukar aiki zai bi ya tabbatar. A kuma yi hattara da masu ba da digirin girmamawa ko digirin wata shida. Kafin a biya wata jami'a kuɗin digiri ta intanet, a bincika matsayinta a wurin NUC. Wanda ya sa lambar katinsa domin gwajin kwana bakwai na kyauta ya tuna ya soke kafin wa'adin ya cika, in ba haka ba za a fara cire masa kuɗi kowane wata.

Da wane kwas ya kamata in fara?

Da guda ɗaya, gajere, wanda yake da alaƙa da abin da mutum yake yi yanzu. Ɗalibin injiniyanci a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da lissafi ke ba wa wuya ya nemi darussan lissafi na MIT ko Khan Academy ya bi su tare da na ajinsu. Mai sha'awar kwamfuta ya gwada CS50 na Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, da sanin cewa jingarsa tana da zafi tun daga makonnin farko. Ma'aikaciyar lafiya a Kaltungo ko Misau ta duba darussan Hukumar Lafiya ta Duniya kan rigakafi da daƙile annoba. Kafin danna rajista a karanta shafin bayanin kwas ɗin, a ga sa'o'in da yake buƙata a mako da ilimin da ake so mutum ya zo da shi, sannan a duba ko jingar tana cikin ɓangaren kyauta ko sai an biya.